Kada Waya Ɗaya Ta Ɗauki Kayan Biyu



A ɗakin na'urori na banki ko jami'a, injiniya kan haɗa suwic biyu da waya biyu, don in ɗaya ta tsinke ɗayar ta ci gaba da aiki. Dabara ce mai kyau. Sai dai in an bar su haka, ƙa'idar Spanning Tree, wadda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, takan toshe ɗaya don kada saƙonni su yi ta kewayawa har su durƙusar da cibiyar sadarwar baki ɗaya. Sai ka ga waya ɗaya na nishi da kaya, ɗayar na zaman jira, alhali an biya kuɗinta.

Mafita ita ce a ɗaure su da ƙa'idar LACP, wadda IEEE ta tsayar a shekarar 2000. Da haka suwic biyun za su ɗauki wayoyin a matsayin hanya guda, kowace tana aiki.

Amma a kula. Suwic ba ya raba hira ɗaya tsakanin wayoyi, don kada guntayen saƙo su iso a hargitse. Adireshi yake dubawa ya zaɓi waya. In adireshin MAC kaɗai yake kallo, zirga-zirgar kuma duk rauta ɗaya ta nufa, cunkoso na iya komawa kan waya guda. A saita shi ya haɗa da adireshin IP da lambar tasha.

Injiniyoyinmu, ku duba ma'aunin kowace waya, sannan ku zare ɗaya ku gwada kafin ranar da za ta tsinke da kanta.