Mai Karta a Tasha: Ba Aljani Ba Ne, Hadda Ce

Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Kontagora, Allah ya saka da alheri da kuka ba mu wannan dama.

Abin da ya sa muka miƙe, watan jiya mun aiki yaron shagonmu tashar mota da kuɗin kaya, ya dawo hannu rabbana. Wai wani mai karta ya ce masa ya zari ɗaya ya ɓoye, in ya kasa faɗinta zai ninka masa kuɗinsa. Sau uku mutumin yana faɗa daidai. Yaron har rantsuwa yake yi, wai da aljani yake aiki.

To jama'a, mun bi diddigi, babu aljani a ciki. Karta 52 ce, iri huɗu, kowane iri 13. Tun daga gida ake jera ta, kowace ta ɗara ta gabanta da uku: 4, sai 7, sai 10, sai sarki wanda shi ne 13, sai a zagayo kan 3. Irin ma bi da bi yake tafiya. Idan ka zari taka, sai ya raba kartar daidai wurin, ya saci kallon wadda ke samanta, ya ƙara uku. Shi ke nan fa. Rabawa ba ta ɓata jerin, cakuɗawa ce ke ɓata shi, shi ya sa tasa cakuɗawar ta ganin ido ce kawai. Wannan jeri tsoho ne, wani ɗan wasan Amurka da ake kira Si Stebbins ya yaɗa shi tun wajen 1898.

Gwanayen ma ba sa lissafi, haddacewa suke yi. Juan Tamariz na Sifaniya littafi guda ya rubuta a kai, Mnemonica, wanda ya fito da Turanci a 2004. Kowace karta da lambar mazauninta, daga 1 zuwa 52. Wata dabarar haddar kuwa, mutum ya ɗauki hanyar da ya sani, kamar layin rumfunan kasuwarmu, ya ajiye karta ɗaya a ƙofar kowace rumfa cikin zuciyarsa, ya yi ta bi safe da yamma har ta zauna.

Mu da muka yi Islamiyya wannan bai kamata ya ruɗe mu ba. Malam ya ja maka baƙi ka ɗora, wa ya taɓa cewa tsafi ne? Allah ya tsare mu da haɗa karatu da caca, misali kawai muka kawo. Iyayenmu fatake ma bashin mutum nawa suke riƙewa da ka, ba littafi ba alƙalami?

Roƙonmu, kowa ya zaunar da yaransa ya nuna musu lissafin nan. Caca dai haramun ce, ko an ci ko ba a ci ba. Wanda ke shakka kuma ya ce wa mai kartar ya miƙo ya cakuɗa da hannunsa, ya ga yadda fuska za ta sauya.

Shi kuwa yaron namu, muna cire kuɗin daga ladansa kaɗan-kaɗan har zuwa Babbar Sallah.