Kashi na 14: Ranar da Saƙon Masu Bashi Ya Shiga Wayar Surukina

 Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda masu cewa datarsu ba ta kai su sauraron minti ashirin. Ku ɗan jira ni, maganar data ma tana tafe a ƙasa.

Yau ba gwamnati zan taɓa ba, kaina zan taɓa. Kun san ni dai, duk shekara in aka gabatar da kasafin kuɗi, ni ne a gaba wajen sauke takardu, ina ɗaga murya cewa an ware wa ilimi kaɗan, ana cin bashi ba lissafi. To wannan mai ɗaga muryar, wata goma sha ɗaya da suka wuce, bai san nawa ake bin sa ba.

Wata Talata da hantsi ina wurin aiki sai ga kiran surukina. Baba ba ya kirana haka kawai, ni nake zuwa gaishe shi, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Wani saƙo ne ya shigo min da Turanci, na sa yaro ya karanta min. Wai kai ɗan damfara ne, ka ci kuɗin mutane ka gudu. Lafiya dai ko?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin la'asar saƙon ya isa wayar limamin unguwarmu, da wani malamina na jami'a, da 'yan ƙungiyarmu da nake yi wa lacca kan riƙon amana.

Manhajar bashi ce ta waya. Ba zan kama suna ba, don ba ita kaɗai ce ba, kuma da hannuna na sauke ta. Naira 60,000 na nema, 51,000 suka shigo asusuna, sun cire ladansu tun a bakin ƙofa. Wa'adi mako biyu, in ka wuce kullum akwai tara. Lokacin da kake sauke ta tana neman izinin duba lambobin da ke wayarka, kai kuma ido ya rufe sai ka danna amincewa, ashe jinginar da ka bayar ke nan, mutuncinka. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta fara kai wa irin waɗannan kamfanoni samame tun 2022, amma ranar da saƙo ya shiga wayar surukinka, ba hukumar da za ta goge shi daga ransa. Kuma bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa min: kuɗin ruwa ne, na san haramun ne, na sani na shiga.

Yaya aka yi na kai nan? A ƙarshen 2023 na yi aure, watanni kaɗan bayan jawabin 29 ga Mayu da aka ce tallafin fetur ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Komai ya bi ta. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan daina faɗa wa masu mulki ba. Amma ba cire tallafi ne ya sa na ƙara akwati biyu a lefe don kada a raina ni ba. Ba shi ya sa na kama ɗakin taro ba. Da aka yi mana haihuwa, ba shi ya ce sai ragon da za a tsaya kallo ba.

A daren nan na zauna da uwargida. Ita ba ta san komai ba sai ɗan bashin shago. Na ɗauko littafin makaranta mai shafi arba'in, na ce yau za mu rubuta kowa da ke bina. Manhaja 98,000, don ta hau. Mai shagon layinmu 47,000. Ragowar kuɗin haya 120,000. Abokina tun na sakandare 200,000. Sai Yaya, babbar yayarmu, 180,000, kuɗin adashinta ne ta ɗauka ta ba ni lokacin biki. Da muka haɗa, 645,000. Albashina 165,000 ne. A kaina kullum ina cewa bai wuce dubu ɗari huɗu ba, don duk wanda na tuna sai in manta wani. Uwargida ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ba kuɗin ne ya ba ni haushi ba. Da ka faɗa min, da ban sa ka sayi ankon nan na watan jiya ba." Wannan maganar ta fi saƙon manhaja shiga jikina.

Abin mamaki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mun haddace ta a Islamiyya. Amma a cikin mutum biyar ɗin nan, manhajar da ke cin riba ce kaɗai take da rubutu. Sauran duk "ba komai, ai mun zama ɗaya" ne.

Washegari na sayar da wayata. Babbar waya ce, wadda nake cewa don aikin gwagwarmaya na saya. Na sayi ƙarama ta hannu, ribar canjin ta kai 100,000, na biya manhajar nan take na goge ta. Wannan shi ne kawai abin da na yi da sauri, don ita kaɗai ce bashinta yake girma ina barci. In kana da bashi mai ruwa, shi za ka fara kashewa ko da za ka koma wayar tocila.

Sauran 547,000 kuwa ba abin sayarwa. Sai dai a matse. Kuma ban san ina zan matse ba, domin a ganina ba na ɓarna. Ba na shan taba, ba na caca, ba ni da mota. Sai muka yi wata guda cur ba mu rage komai ba, rubutu kawai. Duk naira da ta fita, ko ta ruwan leda ce, ko ladan mai POS, a rubuta. Ni ina rubutawa a waya, da daddare mu kwafe a littafi.

Ƙarshen wata lissafi ya ba da 177,000. Wato kowane wata ina cin 12,000 da ba nawa ba, ban da tsohon bashi. Na ɗauka cefane ne zai fito a matsayin mai laifi. Ina! Tukunyar gida ba ta da laifi. Majalisa ta ci 21,000. Shayi, tsire, lemo, kuma kun san yadda abin yake: kai ne mai digiri, kai ne mai albashi, kai ake gani a bidiyo, in mai shayi ya zo lissafi sai kowa ya duƙufa kan wayarsa, kai kuma ka ce "bar shi kawai." Gudummawa da anko sun ci 27,000. Data 18,000, wannan ma bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, kuma rabinta kallon bidiyon mutanen da ban sani ba ne. Man babur 38,000, wanda kusan sulusinsa zuwa taruka ne da ba a gayyace ni in yi magana ba, don dai a gan ni a hoto.

Da na dubi shafin nan na gane mafi yawan abin da ke zuba kuɗin kunya ne. Ina biya ne don kada a ce ba ni da shi. Kuma ga shi an faɗa wa kowa ba ni da shi, da Turanci, a wayar surukina.

Rage data bai yi wuya ba. Na koma 7,000, na kashe abin da ke sa bidiyo ya kunna kansa, manyan abubuwa in sauke su da intanet ɗin wurin aiki. Mai ya sauko 26,000, don na daina zuwa inda ba ni da aiki, masallaci da shago kuma ƙafa. Cefane, maimakon awon kullum a shago da bashi, ran albashi muka haɗa kuɗi da maƙwabta biyu, a sayo hatsi a Dawanau, kayan masarufi a Singa, a raba. Wannan ya rage mana kamar 5,000, ba yawa, amma ya raba ni da littafin mai shago. Abu ɗaya da muka ce ba za a taɓa ba shi ne abincin mai shayarwa da maganin yarinya. Na ga masu fara tsimi daga kwanon iyali su bar majalisa yadda take. Wannan zalunci ne, ba tsimi ba.

Mai wuyar ita ce majalisa da biki. Ranar farko da mai shayi ya zo lissafi na ce "nawa kofi ɗaya ne," sai da wurin ya yi tsit. Wani ya ce, "Kai, shugaba, yau kuma?" Na ce bashi nake biya. Aka yi dariya, aka tsokane ni kwana biyu, shi ke nan. Cikin mako guda mutum biyu sun same ni a gefe, kowa na tambaya yaya na yi da manhaja, don shi ma suna kiransa. Da ma an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Majalisa ta dawo 4,000.

Gudummawa kuwa muka yanke mata 10,000 a wata, in ta ƙare ta ƙare. Ba na son a fahimce ni a karkace. Gudummawa ba ɓarna ba ce, ita ce ta rufa wa iyayenmu asiri, kuma ni ma an yi min. Amma wanda ya ranto kuɗi ya yi liƙi, kuɗin wani ya watsa. Anko mun daina gaba ɗaya. Uwargida ta sha magana a wurin ƙawaye fiye da yadda na sha a majalisa, har aka cire ta daga wani zauren WhatsApp na biki. Ta je bikin da atamfarta ta lefe, ta ci shinkafa, ta dawo. An yi mutuwa ko rashin lafiya, nan ne muke fara kai abin da muke da shi, sannan ƙafa da addu'a ga sauran.

Duka ragin ya kama 62,000. A cire gibin 12,000, saura 50,000. Wannan 50,000 ɗin ranar da alat ya shigo take fita, kafin a sayi ko gishiri. Na gwada barinta zuwa ƙarshen wata sau ɗaya, ban same ta ba. Kuɗin hayar shekara mai zuwa kuma daga lesin da nake yi wa 'yan JAMB ranakun Asabar da Lahadi nake tarawa, a asusu daban wanda ba shi da kati. Kuɗin zoɓon da uwargida ke sayarwa nata ne, ban sa shi a lissafi ba, duk da ta yi tayi.

Sai abin da na fi jin tsoro, zuwa wurin masu bina. Na yi wata takwas ina canza hanya don kada in wuce ta gaban shagon layinmu da rana. Na je na same shi na ce, "Malam, ga abin da nake da shi, ga ranar da zan kawo." Ya ce, "Da ma gudun da kake yi ne yake ba ni tsoro, ba kuɗin ba." Shi na fara biya, don 47,000 a wurinsa jari ne, katan nawa ne na taliya da bai saro ba saboda ni. Mai gida ya karɓi tsarin biya sau uku, da sharaɗin a rubuta, aka rubuta. Abokina ya ce in bar shi a ƙarshe. Yaya kuma cewa ta yi, "Kai dai ka ji da sauran, ni ina zan je?" Na kusa yarda. Daga baya na ji a bakin Umma cewa kuɗin nan keken ɗinki ta yi niyyar saya. Mu matasa muna da wannan halin, wanda ya fi son mu shi muke mayarwa ƙarshen layi, don mun san ba zai tura saƙo wa kowa ba. Na mayar da ita gaban abokina. Ranar da na kai mata cikon ƙarshe ban iya haɗa ido da ita ba.

Ba zan ce muku tsimi yana maganin komai ba. Wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi, 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko mai bautar ƙasa da alawus ɗin 77,000 yana ciyar da ƙannensa, wani lokaci ba abin da zai rage sai numfashi. Wannan faɗan da gwamnati ne, kuma muna nan a kai. Amma da yawanmu da ke sauraron wannan shiri muna da majalisa, muna da anko, muna da data, kuma muna da wata Yaya da muke bin ta bayan gida in mun hango ta.

Tsarin ma bai tafi sumul ba. Wata guda yarinya ta kwanta asibiti da zazzaɓin cizon sauro, ko sisi ban biya kowa ba. Na kira abokina tun kafin ranar ta zo na faɗa masa. Cikin wata goma na biya tara, 450,000 ke nan. Yau da nake wannan magana saura 97,000, duka na abokina ne, kuma na san yana sauraro. Mutumina, ƙarshen watan nan hamsin, na gaba arba'in da bakwai, in Allah ya yarda.

Surukina bai sake tayar da maganar ba. Da Sallah da na je gaisuwa, ina shirin tashi ya ce, "Mutanen nan masu Turanci, sun bar ka?" Na ce sun bar ni, Baba. Ya ce to madalla, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mako mai zuwa za mu ɗauki maganar adashi, yadda ake shiga da yadda uwar adashi ke ɓacewa da kuɗin mutane. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.