Gawon Magarya da Masu Cinikin Hayaƙi



Tun bayan yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashe suke ta ɗaukar alkawarin cewa hayaƙin da suke fitarwa ba zai wuce wanda za su iya shanyewa ba. Sin ta sa wa kanta wa'adin 2060. Maƙwabciyarmu Najeriya ma, ta bakin Shugaba Buhari a Glasgow a 2021, ta ce 2060. Gwamnati ce ke alkawari, amma masu masana'antu ne za su biya. Wasu sun sauya injuna, wasu sun roƙi a ƙara musu lokaci. Masu dabara kuwa suka ce: bari mu biya mai itace, itacensa ya shanye mana hayaƙin.

To, nan ne maganar ta iso ƙofarmu.

Duk wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Dungas da rani ya ga gawo tsaye cikin gonaki. Ba wani kamfani ne ya dasa shi ba. Bayan farin 1984, manomi ne ya daina tumɓuke toho, ya shiga sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a Magarya da Matamai da Mirriya, wajen hekta miliyan 1 ta farfaɗo ta wannan hanya. Talaka ya yi haka ne don gero da abincin bisashe, tun kafin masu kwat su raɗa wa abin suna.

Yau wannan gawo haja ne, kuma ana cinikin irinsa da dala a birane masu nisa. In baƙo ya zo da takardar shekara 20 ko 30, wa zai karanta wa mai gona? Zai iya saran reshe don awakinsa, ko ya sayar da wannan haƙƙi bai sani ba? Makiyayin da ke kakkaɓe ƴaƴan gawo fa, ina rabonsa?

Ku ƴan kasuwa kun san aikin dillali. La'ada halal ce, muddin mai kaya ya ji farashi da kunnensa. Ku kuma ma'aikata, hatiminku ake nema. Kada ku buga shi sai an karanta takardar da Hausa a gaban maigari, an faɗi kuɗin a sefa, an faɗi hannun da za su shiga.