Cilakowa Mai Kulle da Sauran Maƙwabtanmu na Daji

Wadda take tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙar hula ta matso da rediyo kusa, hirar tamu ta yau kunne kawai take so.

Abin da ya jawo wannan hira, kwanakin baya ne wani jikana ya zo mini da waya, ya ce, “Hajiya, kin san wannan dabbar?” Na duba, sai ga wata aba mai dogayen ƙafafun baya tana tsalle, ɗanta ya leƙo daga wata jaka a cikinta. Ya ce sunanta kangaru, a ƙasar Ostareliya take. Muna cikin haka sai wani tsuntsu mai jan baki lanƙwasasshe ya sauka a kan darbejiyar tsakar gida. Na ce, “To malam mai ilmi, shi wannan fa wa ke nan?” Yaro ya yi shiru. Cilakowa ce fa, 'yan uwa. Ya san dabbar da ke bayan teku, bai san maƙwabciyarsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, don na san laifin ba nasa ba ne, namu ne da ba mu gaya masa ba.

Ita kangarun, bari in ba ku labarinta a taƙaice, don abin mamaki ce. Cikinta wata ɗaya ne da 'yan kwanaki. In ta haihu, ɗan bai fi ƙwayar wake girma ba, ba gashi, ba ido. Da kansa zai rarrafa ya shiga jakar da ke cikin uwar, ya kama nono, ya zauna nan wajen wata takwas kafin ya bar jakar gaba ɗaya. Kun ga goyo ke nan ba zani, ba majanyi. Akwai 'yar uwarta mai suna kowala, abincinta ganyen bishiyar turare, irin wadda ake shukawa a nan don tare iska, don ita ma bishiyar asalinta daga can ne. Irin waɗannan dabbobi masu jakar goyo babu su a nahiyarmu ta Afirka ko ɗaya. Mu abin da Allah ya ba mu daban ne, kuma shi nake so mu waiwaya mu duba.

Ni a Mazanya na tashi, nan ƙasar Jibiya, dab da iyakar Nijar. Ina 'yar shekara goma, tun ba a yi dam ɗin Jibiya a kan kogin Gada ba, kakata ta tafi da ni ganin dangi a wajen Madarunfa, kudu da Maraɗi. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna. Mu shida ne da jaki biyu, kawuna ne ja-gaba. Ba mu bi ta Magama da Ɗan Isa inda motoci ke bi ba, hanyar ƙafa muka bi, muna tsayawa gaishe-gaishe a ƙauyuka, har muka kwana biyu a daji. Abin da na koya a wannan kwana biyun, har yau da furfurata ina cin moriyarsa.

Da hantsi muna hutawa a gindin wata tsamiya, sai kakata ta taɓa ni, ta ce, “Ke kishiyata, rufe bakin nan naki ki ɗaga kai.” Na ga cilakowa da fara a baki, ya je jikin wani reshe ya tura bakinsa cikin wata 'yar tsaga, ya tashi. Jim kaɗan ya dawo da wata. Ta ce, “Matarsa ce a ciki, kulle take yi.” Na ɗauka wasan kaka da jika ne, ashe gaskiya ce. In macen cilakowa za ta yi ƙwai, kogon itace take shiga, a liƙe ƙofar da laka da kashinta, a bar tsaga daidai shigar baki. A ciki take zubar da gashin fiffikenta, ta kwanta a kan ƙwai, mijin yana ta jigilar abinci daga safe har yamma. Sai 'ya'yan sun tasa, wuri ya yi musu kaɗan, sannan ta fasa ta fito ta taya shi nema. To ku duba nan: in wani yaro ya harbe namijin da danƙo, ba rai ɗaya ya kashe ba. Ita tana ciki ba fiffiken tashi, 'ya'ya na kuka, mai kawo cefane ba zai dawo ba. Mu da muke zaune a ɗaka muna jiran sallamar maigida da yamma, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Da rana muka ga kurege yana tsaye a kan ƙafafun baya, ya hango mu, ya ɗaga bindi ya faɗa rami. Muka ga belbela tana bin shanun Fulani tana cafke farin da suka tayar, shi ya sa ake mata kirari da ci da motsin wani. Muka tayar da garken zabin daji, da fakara guda biyu da suka tashi fir daga ƙarƙashin ƙafar jaki har na kusa faɗowa. Can nesa muka hango burtu biyu baƙaƙe suna takawa kamar dattawa, irin wanda mafarauta ke ɗaura kansa a goshi su yaudari namun daji.

Da la'asar kawu ya zaɓi wurin zango, kuma yadda ya zaɓa ɗin darasi ne. Bai yarda mu sauka a cikin rafi ba, ko da yashi ya bushe, don ruwa kan zo daga inda ba a ga hadari ba. Bai yarda da gindin suri ko tarin duwatsu ba, saboda maciji. Tudu ya samu, aka share ciyawa, aka hura wuta, aka ɗaure jakai kusa, don jaki kan ji motsi kafin mutum. Ya ce kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe kafin ya sa, saboda kunama. Da za mu tashi kuwa sai da ya rufe wutar da ƙasa, ya taka. Abin da zan ƙara a kan nasa yau shi ne gidan sauro, sannan in maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Da dare ya yi sai daji ya sake baƙi. Muka ji dila na kuka daga nesa. Wani abu ya zauna a kan hanya idonsa na ƙyalli ja, kaka ta ce yautai ne. Bushiya ta zo tana shinshina kusa da tabarmarmu, na taɓa ta da kara ta dunƙule. Kaka ta ce in ƙyale ta, ƙwari take ci, ba ruwanta da kowa. Sai ga gafiya ta zo satar gyaɗar guzurinmu, kumatunta sun kumbura tim. Kun ga ita ma tana da jaka, amma tata a kumatu take, ta ɗaukar abinci ce, ba ta goyo ba. Kada ku raina ta: a ƙasar Tanzaniya ana horar da 'yan uwanta su shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, su kuma gano tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa har lambar yabo aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya.

Ranar da muka isa tafkin Madarunfa, inda ake cewa waliyyai 99 ke kwance, na ga tsuntsayen da ban taɓa gani ba: zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya suna ta fito, dinya, da gauraka biyu masu tukkun zinariya. Shamuwa kuma sun taru da yawa a fadama, kaka ta ce shirin tafiya suke yi. Na tambaye ta ina suke zuwa, ta ce Allah ne masani. Yau an sani. Shamuwa a nan wurinmu take ƙyanƙyasa da damina, in ruwa ya ɗauke ta bi shi zuwa gabashi da kudancin Afirka, in ya kusa dawowa ta riga shi isowa. Shi ya sa manomi in ya gan ta sai ya fara gyaran fartanya. Abincinta kuma fara da tsutsa, wato abokan gabar gero. Su ma Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba, sai a 1822 aka samu wani farin tsuntsu dangin shamuwa a Jamus da mashi irin na Afirka soke a wuyansa.

To yanzu ina suke? Gaurakar nan da ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Nijeriya, da wuya ki samu wanda ya gan ta a daji a ƙasar nan, an kame su an kai gidajen masu kuɗi. Ungulu da ke cika mahauta da bakin kasuwa, ku tuna yaushe rabonku da ita? Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu sayen kanta don tsibbu. Alhali ita ce mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Manya sun shaida giwaye na kai-kawo tsakanin dajin Baban Rafi da dazuzzukanmu na nan, yau sai labari. Hanyar da muka bi da kakata kuwa, da dajin Rugu, rashin tsaron shekarun nan ya sa ba zan ce wa kowa ya je ya kwana ba. Allah ya kawo mana sauƙi.

Amma kada mu yanke ƙauna, abin yana gyaruwa. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har ba su kai 50 ba a 1996. Mutanen wurin suka daina kashe su, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Haka kuma tun 1983 manoman Maraɗi, tare da wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sarewa. Gawo da kalgo da sabara suka dawo, an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Inda itace ya dawo kuwa, tsuntsu ya samu wurin sheƙa.

Wata za ta ce, “Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana?” 'Yar uwa, ke ce ma mai babban rabo. Na farko, ki sa ruwa a kasko ki ajiye a inuwa, nesa da inda kyanwa ke laɓewa, musamman da bazara. Ki riƙa sake shi kullum don kada sauro ya yi ƙwai. Ai an ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Bayan sallar asuba da kuma dab da magariba ki zauna shiru, za ki ga kurciya da hasbiya da tsada, wataƙila har alhudahuda mai tukku, wanda muka sani a ƙissar Annabi Sulaimanu. Na biyu, ki kira yara ki gaya musu sunan kowanne, wanda ya fi sani ki ƙara masa ƙosai. In akwai tsohuwa a gidan, ku tambaye ta tun tana nan. Na uku, danƙo da tarko a ɗakinki ake ɓoye su, kuma ke ake kawo wa tsuntsu ki gasa. Ki ƙi karɓa, ki ba yaron labarin cilakowa. Na huɗu, in mujiya ta yi kuka a kan soro kada ki sa a jefe ta. Ba mutuwa take kira ba, ɓeran rumbunki take farauta, shi kuwa ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Na biyar, in shamuwa ta yi sheƙa a bishiyar gida, ki roƙi maigida a bar reshen, kashinta shara ɗaya ce.

Shi jikan nawa yanzu yana da ɗan littafi, ya rubuta tsuntsaye goma sha ɗaya, duk a tsakar gida ya gan su. Jiya ma shi ya kira ni in zo in ga wata baƙuwa a bakin kasko.

Lokaci ya yi halinsa. Wadda ta san sunan wani tsuntsu ko wata dabba da ban ambata ba, ta ba yaro ya rubuto mana, mu karanta kowa ya ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.