Gurbin da Aka Bayar a Afrilu, Aka Ƙwace a Yuli

 

An tambaye ni ko jami'a na iya janye gurbin da ta riga ta ba ɗalibin da zai koma cikinta daga wata makaranta, saboda ya sauya kwas ko makinsa ya faɗi a zangon ƙarshe. Tana iyawa, kuma tana yi. Gardamar da na daɗe ina yi da 'yan uwana na ofisoshin magatakarda, har wasunsu sun gaji da ni, a kan lokacin janyewar ne, da kuma wanda ake ɗora wa asarar.

Zan kafa hujja da Kalifoniya ta ƙasar Amurka, domin can ne aka fi tsara wannan harka a rubuce. Tun tsarin ilimi mai zurfi na 1960, jihar ta buɗe hanya ɗalibi ya yi shekara biyu a ƙaramar kwaleji mai sauƙin kuɗi, sannan ya shiga jami'a a aji uku. Kwalejojin nan sun kai 116. Jami'ar Kalifoniya na neman ɗalibin ya tara yunit 60, da matsakaicin maki aƙalla 2.4 idan ɗan jiha ne, 2.8 idan baƙo ne. Shida daga rassanta, ciki har da Davis da Irvine, suna ma yin alkawarin gurbi tun da wuri ga wanda ya cika sharuɗɗa. Berkeley da Los Angeles ba sa yi.

To ku dubi yadda kwanakin suke. Ɗaliba ta cika fom a Nuwamba, ta rubuta har da kwasa-kwasan da take niyyar ɗauka a zango mai zuwa. A Janairu ta sabunta bayanan. Wajen Afrilu saƙon taya murna ya iso, alhali tana tsakiyar zango, ba a yi jarrabawa ba tukuna. A ƙarƙashin murnar akwai shafin sharuɗɗa: kammala abin da kika ce za ki ɗauka, kada maki ya sauka ƙasa da kaza, ki sanar da mu duk wani sauyi. Ranar 1 ga Yuni ta amsa, wato ta sallami sauran jami'o'in da suka kira ta. Ranar 1 ga Yuli cikakken sakamako zai isa ofis. Nan ne wani ma'aikaci zai lura cewa kwas ɗin lissafin da ta rubuta a Nuwamba babu shi, ta ajiye shi a Maris saboda ya ci karo da lokacin aikinta a kanti. Lokacin da wasiƙar janyewa za ta same ta, ta bar aikin, ta biya kafin alƙalamin ɗaki, duk ƙofofin da ta rufe da hannunta sun rufu.

Za a ce ai ta karya sharaɗi. Na ji. Amma a 2017 reshen Irvine ya nuna wa duniya abin da ake iya yi da shafin sharuɗɗa. Ɗaliban da suka amsa kira sun zarce lissafin jami'ar da ɗaruruwa, sai a watan Yuli ta janye gurbin kusan mutum 500, da yawansu bisa dalilin wai takardar sakamako ba ta iso kan lokaci ba. Waɗannan 'yan aji ɗaya ne, ba masu canjin makaranta ba, amma wuƙar ɗaya ce. Da hayaniya ta yi yawa, shugaban reshen, Howard Gillman, ya nemi afuwa, aka mayar da mafi yawansu. Dokar da aka saba kawar wa kai ita aka zaro ranar da kujeru suka kasa.

Yanzu ga alƙaluman da nake so ku tafi da su gida. A 2017 ɗin nan, ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, GAO, ya fitar da rahoto kan ɗaliban da suka fara karatu a 2004 aka bi sawunsu zuwa 2009. Kusan kashi 35 cikin 100 sun canja makaranta aƙalla sau ɗaya. Waɗanda suka canja ɗin sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na yunit ɗin da suka tara. Tsakanin makarantun gwamnati kawai, asarar ta kai kashi 37. Wanda ya fito daga makarantar kuɗi ta 'yan kasuwa ya shiga ta gwamnati kuwa, kashi 94. Karatu ne da aka zauna aka yi, aka biya, aka ci jarrabawarsa, sabuwar makaranta ta ce ba ta san zancen ba.

Ku ɗora wannan kusa da labarin ɗalibar can. Ita ta sauya kwas ɗaya, ta rasa gurbi. Jami'a na iya watsar da kusan rabin wahalar ɗalibi, babu wasiƙa, babu bayani, babu wanda zai tuhume ta. Kuma sau da yawa abu na biyun shi ke haifar da na farkon: ɗalibi ya ji a makare cewa kwas ɗin da yake kai ba za a ƙirga masa ba, ya yi maza ya sauya zuwa wanda za a ƙirga, sauyin kuma ya zama laifinsa. Kalifoniya ta rage wannan da shafin intanet na ASSIST, inda ɗalibi ke ganin wane kwas na kwalejinsa ne ya yi daidai da wane na jami'a. Rahoton GAO kuwa na ƙasa baki ɗaya ne, kuma ya nuna cewa a wurare da yawa a makance ake tafiya.

Masu ja da ni suna kawo zancen takardun jabu da ɗaliban da ke sakin jiki da zarar sun ga gurbi. Mai jabu a kore shi ko yana ajin ƙarshe, ban taɓa cewa a bar shi ba. Mai sakin jiki kuma makinsa zai tona shi. Wannan ba ya buƙatar dogon zance.

Abin da ya shafe mu a nan gida kowa ya sani. Masu NCE da difloma da ke shiga aji biyu ta hanyar hukumar shiga jami'a ta JAMB, da yaranmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023 suka zo neman inda za su ƙarasa, duk takardar gurbi ta wucin gadi ake miƙa musu. Sharaɗin da ke cikinta sau da yawa jimla ɗaya ce: idan an sami matsala, za a janye. Wace matsala? Sai ranar tantancewa, bayan uba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin karɓar gurbi. Kuma mun san yadda ake ɗiban ɗalibai fiye da ƙa'ida a likitanci da shari'a, daga baya a nemi dalilin rage su. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranku ya daɗe.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace majalisar jami'a ba. A rubuta sharuɗɗa da sunan kwas da adadin maki, yadda ɗalibi zai karanta ya gane ba tare da ya nemi wani babba a ofis ba. A faɗa masa yunit nawa za a ƙirga masa kafin ya amsa, kafin ya biya ko kwabo. Wanda ya kawo kansa ya ce ya sauya kwas, a ba shi amsa a rubuce cikin mako biyu, kuma amsar ta ɗaure jami'a. Idan ofis ya yi shiru har wa'adin ya wuce, gurbin ya tabbata. Faɗuwa a kwas ɗaya da ba shi ne ginshiƙin fannin ba, a bar shi ya shigo ya biya bashin a zangon farko. Ƙorafi kuma kada ya koma teburin wanda ya sa hannu a janyewar. A ba kwamitin malamai da wakilin ɗalibai. Idan kuma kujeru ne suka kasa saboda ofis ya yi kuskuren lissafi, to jami'a ta nemo aji ta nemo malami, ta kuma rubuta a rahotonta na shekara mutum nawa ta janye wa gurbi da dalilin kowanne.