Ƙarar Injin Niƙa da Kunnen Mai Injin

Bayan la'asar aka baje tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, jami'in lafiya ya fito da wayarsa mai manhajar auna ƙara. A kan hirar jama'a, lambar ta tsaya wajen 60. Da mai injin niƙan tsallaken titi ya tada injinsa aka kai wayar kusa, lambar ta haura 90.

Ana auna ƙara da desibel, kuma lissafinsa yana da wuyar sha'ani. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a yini. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi: a 88 awa huɗu, a 91 awa biyu, a 94 awa ɗaya tak. In an kai 100, minti 15 ne kawai. To, mai injin da ke tsaye kan dawa da masara tun hantsi har magariba fa?

Nan wani dattijo ya ce ai su sun saba, ƙarar ba ta damunsu yanzu. Jami'in ya ce masa, "Baba, wannan sabon shi ne ciwon." A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke kai saƙon sauti zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su sannu a hankali, ba zafi ba jini, kuma ƙwayar da ta mutu ba ta sake fitowa. Mutum sai ya fara jin shuuu a kunne da dare, ya riƙa ƙure rediyo, ya riƙa cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Iyalinsa kan riga shi ganewa.

Wanda ba shi da manhajar ma yana da ma'auni. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya kai matakin haɗari.

Maganin ba tsada. Abin toshe kunne na soso da ake samu a kemis ya fi auduga nesa ba kusa ba, don audugar kusan ba ta tare komai. Masu niƙa, maƙera, masu walda da masu yankan katako su sa shi, su kuma riƙa fita suna hutar da kunne. A nisanta janareto daga tagar ɗaki. Uwar da ta je markaɗe da goyo ta miƙa kwanonta ta koma gefe. Kunnen jariri bai kai na babba juriya ba.

Matasa ma ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya ke fuskantar haɗarin raunin ji saboda abin sauraro na kunne da wuraren casu.

Mai unguwa ya tambaya ko akwai doka kan lasifikar biki. Jami'in ya ce, ranka ya daɗe, tun 2009 hukumar kare muhalli ta NESREA ke da ƙa'idojin taƙaita hayaniya a Najeriya, sai dai bin su ne ya yi ƙaranci. Aka tsayar da cewa a bikin gaba za a ɗaga lasifikokin sama, a kuma hana yara zama a gindinsu.