Sunan Yesu Ba Laya Ba Ne

Jawabi a taron zumuntar mata na ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi

 

Bayan girbin bara wata 'yar'uwarmu ta zo wurina da kuka. Ɗanta yana faɗuwa, yana kumfa, sau ɗaya ma ya faɗa murhu ya ƙone hannu. Kakarsa ta ce Doguwa ce ta taɓa shi a gindin tsamiya, aka kai wa mai bori akuya. Bai warke ba. Sai aka kai shi wurin wani mai addu'a, shi kuma ya karɓi buhun dawa, ya ba su kwalbar mai a rataya masa a wuya. Na ce mata, 'yar'uwa, boka kawai kika sauya.

Littafi Mai Tsarki bai ce babu mugayen ruhohi ba. Akwai su. Amma ku duba Markus 9. An kawo wa Yesu yaro kamar wannan, wanda ruhu ke jefa shi cikin wuta da ruwa tun yana ƙarami. Almajirai sun gwada, sun kāsa. Uban yaron ma bangaskiyarsa ba ta cika ba, da bakinsa ya roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa. Yesu bai kore shi ba, bai nemi ko kaza ba. Ya tsawata wa ruhun, ya kama hannun yaron, ya tashe shi. To, ikon na wa ne? Ba na uban ba ne, ba na almajirai ba ne. Ke da aka ce miki ƙarancin bangaskiyarki ne ya hana ɗanki warkewa, ki sauke wannan kaya.

A Ayyukan Manzanni 19 kuwa, 'ya'yan Sikeba su 7 suka ɗauki sunan Yesu kamar asirin da ake ara, suna kiransa a kan masu aljanu a Afisa. Aljanin ya nuna musu ya san Yesu, ya san Bulus, su ne bai sani ba. Da rauni suka gudu, tsirara. Bayan haka masu tsafi a garin suka ƙone littattafansu, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ƙonewa suka yi, ba su ɓoye guda a ƙarƙashin tabarma saboda wata rana ba. Na san wasunmu sun gane abin da nake nufi.

Wani abu kuma: Matiyu 4:24 ya lissafta masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Ba kowace faɗuwa ce iska ba. Yaron nan mun yi masa addu'a tare da dattawan ikkilisiya, washegari muka kai shi asibiti a Dutsin-Ma. Yana shan magani kullum, ya koma makaranta.

In yaro ya faɗi, ku janye shi daga wuta, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku sa masa cokali a baki. Miyausa ba ya sa wa kowa ciwon. Wadda take da irin wannan yaro ta tsaya bayan addu'a, mu rubuta ƙauyenta.